Jigon Laifi da Alhaki a Wasan Talabijin na *Adolescence*

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda wasan *Adolescence*, wanda Jack Thorne da Stephen Graham suka rubuta, kamfanin Netflix kuma ya fitar a 2025, ya sarrafa jigon kisan kai tsakanin matasa a Ingila. Tauraronsa shi ne Jamie Miller, ɗan shekara 13, da aka kama bisa zargin daɓa wa Katie, 'yar makarantarsu, wuƙa har ta mutu.

2.0 Zubi da Tsari

A bisa al'ada, wasan bincike yakan ɓoye mai laifi sai ƙarshe. A nan kuwa, tun a kashi na 1 cikin kashi 4 aka nuna hoton kisan. Ke nan hankalin mai kallo ya koma ga dalili. An ɗauki kowane kashi a ɗauka ɗaya ba yankewa, don haka mai kallo ba ya samun sararin kau da kai.

3.0 Taɓin Hankali da Alhaki

Wasanni da dama sukan fake da taɓin hankali, su mayar da mai kisa dodo, al'umma ta wanke hannunta. A kashi na 3, masaniyar halayyar ɗan'adam ta zauna da Jamie, amma ba a laƙaba masa wata cuta ba. Abin da ya bayyana shi ne raina kai, da fushi, da ƙyamar mata da ya tsinta a intanet. An raba alhaki tsakanin gida, makaranta da kafofin sadarwa, ba tare da an sauke wa yaron nasa ba. A kashi na 4 ya yanke shawarar amsa laifinsa. A dokar Ingila, ɗan shekara 10 ma yana amsa tuhuma.

4.0 Naƙasu

Sai dai an bar baya da ƙura. Ba a ba Katie bakin magana ba, ba a nuna baƙin cikin iyayenta ba. Mafi yawan abin da aka sani game da ita shi ne ba'ar da ta yi wa Jamie a Instagram. Wannan na iya sa mai kallo ya ɗora wa mamaciya wani kaso na laifin.

5.0 Kammalawa

Wasan ya yi nasarar raba kisa da hauka, amma tausayinsa ya karkata ga gidan mai laifi.