«Canjin yanayi» a bakin rediyo: ɗan tsokaci daga Dakoro

Wannan rubutu ya shafi kalma guda. Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara suna cewa «canjin yanayi», fassara ce kai tsaye daga faransanci. To amma «yanayi» a Hausa ya haɗa da lokacin shekara, da halin gari, har da halin mutum. Manomin Dakoro ya san yanayi yana canjawa kowace shekara, daga damina zuwa kaka zuwa rani, don haka kalmar ba ta gaya masa sabon abu ba. Haka ma rahoton ruwan sama: mai shela yana lissafa milimeta, manomi kuwa yana tambaya ko ruwan ya kai na shuka.

Abin lura shi ne jama'a suna da nasu kalmomi. Yunwar 1984 sun raɗa mata «El Buhari», saboda rufe iyakar Nijeriya. Barin tohon itace a gona kuwa «sassaben zamani» ne, kuma sunan ya karɓu domin an gina shi bisa aikin da kowa ya sani. Makiyayin kwarin Tarka, inda gonaki suka wuce iyakar noma ta dokar 1961, da wuya a miƙa masa makirfo, balle a ji kalmominsa.