Aku bai ba da labari don banza ba

Ƴan uwa masu koyon karatu, akwai littafin da ya kamata mu duba tare. Shi ne Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, wanda anka fara bugawa a Zariya cikin 1937.

Mutane da yawa suna karanta shi don dariya kawai. Sun sha romo, sun bar nama.

Ga yadda zancen yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa gida. Waziri shina son sarauta, shina neman Musa ya fita a halaka shi. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ke nan labarun aku dabaibayi ne, don ran yaron ya tsira. Wanda bai lura da wanga ba, rabin littafin ya wuce shi. Gwanintar Imam tana nan: ya ɓoye aiki babba cikin hira.

Don haka, in za ku karanta, ku riƙe fensir da kaye. Ku tambayi kanku abu ukku. Wa ke magana? Da wa yake yi? Mi yake so?

In kun kai tsakiyar labari ku dakata, ku cinka yadda zai ƙare, sannan ku ci gaba. Kalmar da ba ta cikin Hausarmu ta Ƙwanni ko Illela, ku rubuta ta, ku tambayi malami. In kun ƙare, ku rufe littafin, ku maida ma wani labarin da bakinku. Wurin da kunka kakare, nan za ku koma.

Kuma ba dole ba ne ku yarda da komi. Cikin wasu labarun, an nuna mata da makirci. Mata ƴan aji suna da damar cewa ba su yarda ba, su kawo dalili.

Wanga horo ba na littafi kaɗai ba ne. Takardar bashin taki, ko ta mai sayen albasa a Galmi, ita ma akwai mai magana bayanta, kuma akwai abin da yake so. Ku yi mata tambayoyin nan ukku kafin ku sa hannu.