Aftasiya da Dabbobin da Ake Turawa Yaƙi da Ita

Duk wanda ya taɓa kiwon murjani a akwatin gilashi mai ruwan gishiri, a Amurka yake ko a Jamus ko a Japan, akwai wata 'yar halitta da jin sunanta kaɗai kan ɓata masa rai. Ita ce aftasiya. Dabba ce daga dangin furen teku, halittun nan masu kama da fure da ke manne a duwatsun teku, 'yan uwan murjani na kusa. Da wuya tsawonta ya wuce na yatsa, launinta ruwan ƙasa, jikinta shara-shara har haske na ratsa shi. Ba mai sayenta. A ɓoye take shigowa, cikin ramin dutse ko a gindin ɗan reshen murjanin da aka sayo da tsada, ta yi lamo makonni, sai wata safiya mai akwati ya hangi 'yan hannuwa sirara suna kaɗawa a lungu. Kafin wata uku ɗaya ta zama gayya.

Ba zan wanke ta ba, domin ɓarna tana yi. Abin da ya dame ni shi ne salon da yaƙi da ita ya ɗauka a 'yan shekarun nan, inda ake sayen dabba mai rai a jefa ta cikin akwati ta yi aikin maganin ƙwari, in ta gama ko ta kasa a zuba mata ido ta mutu. Ina ganin wannan zalunci ne, kuma yawancinsa daga rashin sanin halin aftasiyar ya samo asali.

Hannuwanta cike suke da ƙananan kibau masu dafi, kowace a naɗe cikin ƙwansonta, da an taɓa sai ta harba. Da su take kama abinci, da su kuma take ƙone murjanin da ke maƙwabtaka da ita har namansa ya janye ya bar farin ƙashi. Idan aka takura mata tana da wani makamin: fararen zaruruwa da take fitarwa ta baki ko ta wasu ƙananan kafofi a jikinta, su ma shaƙe da kibau. Ka kai sirinji kusa da ita ka gani. Ruwa na motsawa za ta tsuke, ta shige ramin dutse cikin ƙiftawar ido, a bar ka da ɗan tabo mai danshi da farin zare yana lilo. Ka dawo bayan sa'a guda, ta buɗe fes kamar ba abin da ya faru.

Sirrin yawanta yana ƙafarta. Tana da faffadan gindi da take mannewa da shi, kuma takan ja jiki a hankali daga wuri zuwa wuri. Duk inda ta ja, sai ta bar 'yan gutsattsarin nama a baya, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu kowane guntu ya fitar da baki da hannuwa, ya zama cikakkiyar aftasiya, kwafin uwarsa. Manomin da ya taɓa fama da kiri-kiri a gona ya san wannan hali: ka sassare ta da fartanya, kowane gutsure ya yi saiwa, ka ninka wa kanka aiki. Shi ya sa mai akwatin da ya fusata ya ɗauki wuƙa ko buroshi ya kankare dutse a cikin ruwa, shuka ya yi. Injin da ke juya ruwan zai kwashi gutsattsarin ya rarraba su har cikin bututu da ma'ajiyar ruwa ta ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa.

Yunwa ma ba ta cika kashe ta ba. A cikin namanta akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke ba ta launin ƙasa. Suna haɗa sukari da haske su ba ta, ita kuma ta ba su masauki da abin da jikinta ya fitar. In ka hana ta abinci, fitilar da ka kunna wa murjaninka za ta ciyar da ita. In ka kashe fitila, sai ta rabu da gansakukar, ta koma fara, ta rayu da ɓurɓushin abincin kifi. In ka hana ta duka biyun, ta ƙanƙance ta jira. Zafi da sauyin gishiri da ke halaka murjani, ita takan jure su. Halitta ce da aka yi ta don zaman wurare masu wuya, a saiwar itatuwan bakin teku da gindin duwatsun da ruwa ba zurfi, don haka akwatin da ake kunna wa fitila kullum ana zuba abinci safe da yamma hutu ne a gare ta.

Magungunan da ake yi mata sanannu ne: ruwan lemon tsami, tafasasshen ruwa a sirinji, kwaɓin farar ƙasa mai kauri da ake ɗura mata a baki, da na kwalba irin su Aiptasia-X. Wasu har da hasken leza. Suna aiki a kan wadda ido ya gani, in hannu ya ƙware kuma aka kashe injin ruwa tukuna. In aka yi rabi da rabi, sai ta tsira ta watsa 'ya'ya. Daga nan ne mutane ke gajiya, su nufi shago su tambayi wace dabba ce ke cin aftasiya.

Wanda aka fi nuna musu shi ne wani kifi mai dogon baki kamar hantsaki, fari da ratsin jan ƙarfe, mai baƙin ɗigo kusa da wutsiya kamar ido. Masana na kiransa Chelmon rostratus. Daga tekunan Indonesiya da Filifin da arewacin Ostareliya yake, kuma kusan duk wanda ke kasuwa daga teku aka kamo shi. A gidansu yini yake yana zura baki cikin ramukan dutse yana zaƙulo tsutsotsi. A akwati da yawansu ba sa karɓar abincin da ake ba sauran kifaye. Na ga irin wannan kifi a kusa, kuma abin ba daɗin kallo. Yana bin dutse yana leƙa kowane rami da natsuwa, abinci na wucewa ta gaban idonsa bai kula ba. A hankali naman bayan kansa ya lotsa, cikinsa ya shafe, ya koma kamar ganye a tsaye. Wata rana a tarar da shi manne da bakin bututu. Abin takaicin, ba kowanne ne ma yake taɓa aftasiya ba. Masu kiwon da suka daɗe sun san haka sarai, masu shago ma sun sani, amma har gobe ana miƙa shi ga sabon shiga da akwatinsa bai shekara ba.

Sai wani ɗan dodon-koɗi marar ƙwanso, Berghia stephanieae, fari mai tozaye a baya, tsawonsa bai fi santimita 2 zuwa 3 ba. Shi gwani ne na gaske. Da dare yake fita, ya lallaɓa gindin aftasiya ya cinye ta har ƙafa, ya zuba ƙwai a naɗe kamar farin zare a ƙarƙashin dutse. Ba ya taɓa murjani. Sai dai ba ya cin komai a duniya in ba aftasiya ba, saboda haka ranar da ya gama aikin da aka sayo shi dominsa, ranar yunwarsa ta fara. Masu hayayyafa shi don sayarwa dole su riƙa kiwon aftasiya a wasu akwatuna na daban don ciyar da shi. Mai saye kuwa yawanci bai tanadi komai ba. Wasu ma a akwatin da ke da kifayen da ke farautarsa suke zuba shi, ya zama kalaci a daren farko.

Jatan lande mai jan ratsi da ake kira fefamint ya fi su sauƙin riƙo, domin yana cin ragowar abinci. Matsalarsa ta suna ce. A 2006 masana biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa abin da ake ɗauka jinsi ɗaya ne, Lysmata wurdemanni, jinsuna ne da dama masu kama da juna, kuma masu kiwo sun shaida ba duka ke damuwa da aftasiya ba. Akwai kuma wani mai ƙusumbi da ake rikita shi da shi, wanda murjani mai laushi yake yagar ci. Gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Ina ganin wannan ɗabi'a ta sayen dabba don yaƙi da aftasiya tana da alaƙa da yadda sana'ar ta sauya. A da, ana fara akwati ne da dutse mai rai, wato dutsen da aka ɗebo daga teku da duk abin da ke jikinsa, soso da tsutsotsi da ƙananan ƙwarin ruwa, mai amfani da marar amfani. Fiji ta dakatar da fitar da irin wannan dutse da murjani a ƙarshen 2017, Indonesiya ta tsayar da fitar da murjani a 2018 har zuwa farkon 2020, mutane da yawa suka koma busasshen dutse, wanda ba komai a jikinsa. Ta fuskar kare teku wannan ci gaba ne, ina goyon bayansa. Amma ya zo da wani buri na akwati tsaf-tsaf, wanda ba a yarda wani abu ya rayu a cikinsa sai wanda aka biya kuɗinsa. Hotunan Instagram da bidiyon YouTube sun ƙara rura wutar, domin ba mai ɗora hoton lungun da aftasiya take. Sabon shiga ya ga guda biyu a akwatinsa sai ya ɗauka shi kaɗai ne ya gaza, hankalinsa ya tashi, ya yi gaggawa. Alhali busasshen dutse bai hana ta shigowa ba, ta gindin rassan murjanin da ake musaya tsakanin masu kiwo take bi, kuma ruwan maganin da ake tsoma sabon murjani a ciki don kashe tsutsotsi sau da yawa ba ya yi mata komai.

Sha'awar ajiye halittun teku a akwati ta daɗe tana cin rayuka. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye a 1853, Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa kan akwatin kifi a 1854, sai Ingila ta ɗauki yayin ajiye furen teku a falo. Shi Gosse ɗin ne ma ya raɗa wa dangin aftasiya suna a 1858. A zamaninsa furen teku shi ne abin ado da ake alfahari da shi. Ɗansa Edmund ya rubuta a 1907 yana kukan yadda masu kwasa suka wawushe kududdufan bakin tekun da ya sani yana yaro.

Yau kuma, wadda masu kiwo ke tsinewa ita masana ke lallashi a ɗakin bincike. Murjani yana da wuyar riƙo da jinkirin girma, aftasiya kuwa tana ɗauke da irin gansakukar da ke cikinsa, tana yaɗuwa a kwano, ana iya raba ta da gansakukar a sake mayar mata. Saboda haka da ita ake nazarin koɗewar murjani, wato yadda yake korar gansakukarsa ya yi fari idan zafin ruwa ya ƙaru da digiri 1 zuwa 2 na tsawon makonni. A 2015 aka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonta, aikin da masana na jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda a gaɓar Bahar Maliya, suka jagoranta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta tabbatar da cewa murjanin duniya ya shiga koɗewar gama-gari karo na huɗu. Dabbar da ake neman amsar wannan bala'i a jikinta ta cancanci mai akwati ya zauna ya fahimce ta kafin ya ɗauki sirinji.

Wanda ya fahimce ta zai gane cewa a bakin ƙofa ake tare ta. Duk sabon murjani a killace shi a ƙaramin akwati na daban wata guda ko fiye, a riƙa duba shi da tocila da dare. A yanke shi daga tsohon gindinsa a manna shi a sabo. In an ga guda ɗaya a dutse, a ciro dutsen waje a yi aikin a can, ko a toshe raminta da gam. A rage yawan abincin da ake zubawa. Wannan aiki ne na haƙuri, ba shi da armashi, ba kuma abin da shago zai sayar maka a cikinsa, ina jin shi ya sa ba a cika tallata shi ba. A babban akwatin da ya shekara biyar, 'yan guda biyu-uku a bayan dutse, nesa da murjani, ba su kai a tayar da hankali a kansu ba. A sa musu ido, a rage su in sun matso.

Ban ce haramun ne a nemi taimakon dabba ba. Akwai wani kifi mai kaushin fata, Acreichthys tomentosus, da yanzu ake hayayyafa shi a gona, yana karɓar abincin akwati, zai kuma rayu bayan aftasiya ta ƙare, ko da yake wani lokaci yakan tsinki murjani. Wasu ƙungiyoyin masu kiwo sukan miƙa Berghia daga akwati zuwa akwati, in ya gama a nan a kwashe shi a kai wa mai buƙata. Irin wannan na yarda da shi, domin an tanadi gobensa. Dabbar da ka rufe a gilashi amana ce a wuyanka, ba ta da inda za ta je neman abinci sai abin da ka ba ta. Shi kuwa kifi mai dogon baki, a bar shi ga wanda yake son sa don kansa, mai babban akwati da ya daɗe, wanda ya shirya buɗe masa ɗanyen kawa yana nemo masa tsutsotsi masu rai har ya saba. Mai shago kuma kada ya sa shi a leda sai ya ci abinci a gaban mai saye.