Jabana da Masu Raina Gahawar Garwashi

Masu ɗanɗanon gahawa na zamani, waɗanda ke kurɓa da cokali su tofar sannan su ba da maki cikin ɗari, sun daɗe da yanke hukunci a kan jabana, wato gahawar da ake dafawa a tulun yumɓu a Habasha da Sudan. Sun ce ana ƙona 'ya'yan wajen suya, ana tafasa garin har ɗaci ya fito, sannan a watsa citta don a rufe ɓarnar. A ma'auninsu, wadda ta kai maki 80 ita ce gahawar ƙwarai, kuma hanyar shanta ita ce suya sama-sama, da ruwan da bai kai ga tafasa ba, da takardar tacewa. Ban yarda da wannan hukunci ba. Finjali ɗaya suke aunawa, jabana kuwa tun asali shan zagaye uku ce.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Bishiyar gahawa nau'in arabika 'yar tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ce. Sufayen Yaman suka riƙe ta a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri, daga tashar jiragen ruwa ta Moka kuma ta bazu duniya. A 1511 an hana shanta a Makka, hanin bai yi ƙarko ba. Wajen 1555 gidajen gahawa sun buɗe a Istanbul, a 1652 na farko ya buɗe a Landan. Robusta, 'yar dazuzzukan tsakiyar Afirka mai jure zafi da cuta, wadda sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika, sai daga baya ta samu kasuwa, ita ce yau ta sa Biyetnam ke bin bayan Birazil a yawan noma. Na'urar esfireso da takardar tacewa da Nescafé na 1938 duk baƙi ne na baya-bayan nan. Kafin su iso, mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna dafa gahawa a kan wuta.

A dubi suyar, domin nan ne gwanintar take, nan ne kuma masu suka suka fi yin kuskure. Uwargida a Habasha ɗanyun 'ya'ya take ɗaukowa, masu launin kore-kore. Ta wanke su, ta zuba a ƙaramin kasko a kan garwashi, tana motsawa ba ƙaƙƙautawa. Babu ma'aunin zafi a hannunta, ido da kunne da hanci su ne ma'auninta. Koren ya koma rawaya, ƙaiƙayi ya fara tashi, warin ɗanyen ganye ya gushe. Can sai a ji 'ya'yan suna fashewa ƙas-ƙas, alamar ruwan cikinsu ya zama tururi ya tsaga su. Mai suyar masana'anta da ke neman tsami-tsamin 'ya'yan itace a nan kusa yake saukewa. Ita kuwa sai ta ƙara musu lokaci har su yi duhu, mai ya fara tsatso musu suna sheƙi. Tsakanin wannan sheƙi da gawayi tazarar kaɗan ce, wadda ba ta iya ba a nan take faɗuwa, kuma ita ce masu suka suka ɗauka a matsayin misalin kowa.

Me ya sa take kai su duhu? Saboda garin nan sau uku za a dafa shi. 'Ya'yan da aka soya sama-sama tauri gare su, ba sa dakuwa da kyau a turmi, kuma a dahuwa ta biyu tsami kawai za su bari a baki. Waɗanda suka yi duhu sun yi garas-garas, taɓarya tana taɓa su suke narkewa, suna kuma da nauyin da zai kai zagaye na uku da sauran ɗanɗano. Duhun nan lissafi ne, an yi shi da sanin abin da ke gaba.

Kafin daka, sai ta ɗauki kaskon yana hayaƙi ta zagaya da shi gaban kowane baƙo, shi kuma ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarsa. Wannan ne wurin da na fi so a duk al'adar. Ƙamshin gahawa mafi ƙarfi a lokacin suya da daka yake fita, kuma ba ya jimawa. Wanda ya sayi gari a leda ya biya kuɗin ƙamshin da ma'aikatan masana'anta suka riga suka shaƙe. A zaman jabana baƙo ne ke fara samun wannan kaso, kuma ya ga 'ya'yan da idonsa, ya san ba a gauraya masa komai ba. Masu ɗanɗano suna wa'azin a niƙa dab da sha kamar su suka gano hakan, alhali matan Habasha da na Kasala ta Sudan haka suka gada. Batun a bar soyayyun 'ya'ya su kwana biyu iskar cikinsu ta fita kuwa, damuwar mai na'ura ce. A tulun da ke tafasa, iskar da kanta take ficewa.

Shi tulun na yumɓu ne, mai kumburarren ciki da dogon wuya. Cikin yana riƙe zafi, wuyan yana tsare ƙamshi. Idan ya taso sai a sauke, a jingine shi a kan gammo har guggubin ya kwanta. A Sudan da Eritiriya ana cusa ɗan zaren kaba a bakin tulun ya zama matata. Sannan a tsiyaya daga sama cikin ƙananan finjalai marasa mariƙi, a jere, ba tare da an yanke zubin ba. Zagayen farko, abol, shi ne mai ƙarfi. A ƙara ruwa a mayar wuta, tona ya fito da sauƙi. Na uku sunansa baraka, kuma tashi kafinsa rashin ladabi ne. Ga turaren lubban yana tashi, ga gugguru a faranti, awa guda ko fiye ta shige. Ƙarfin gahawar yana sauka daidai da yadda hira ke sauka daga gaisuwa zuwa ainihin maganar da ta kawo mutum. Esfireso, da ake matso shi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 a shanye a tsaye, yana da nasa daɗin, amma ba a yi shi don a sasanta maƙwabta ba.

Zargin citta ma bai da tushe. A tsakiyar Habasha galibi ba a sa ta, wasu yankunan gishiri ko man shanu suke sawa. Bejawa na gabashin Sudan ne suka shahara da citta, Larabawan Najadu da hel, Muridawan Sanagal da kimba a gahawar Tuba. Ta Larabawa ma suya sama-sama ake mata har ta fito rawaya, kamar yadda kowane alhaji ya gani ana miƙa ta da dabino, abin da ke nuna cewa masu dafa gahawa a wuta sun san suya mai haske tun kafin masu maki. UNESCO ta sa ta Turkiyya a jerin gadon al'adu a 2013, ta Larabawa a 2015. Kuma Habashawa, masu shanye kusan rabin abin da suke nomawa, ba mutanen da za a koya wa gane lalatacciyar gahawa ba ne.

Abin da na daɗe ina riƙe da shi shi ne, gahawa abin majalisa ce. A halƙar zikiri ta girma, duk hanyar da ta raba ta da zama ta rage mata wani abu. Mu nan a teburin mai shayi muka fi saninta, gari ne na 'yar leda da ake kaɗawa da madara. 'Yan'uwanmu Hausawan Kasala da Gadarif a Sudan kuwa jabana abin gida ce a wurinsu. Citta da kimba da kanumfari suna kasuwanninmu, turmi da gawayi suna kowane gida, arabika tana fitowa a tsaunin Mambila. Mai karatu, nemi ɗanyun 'ya'ya ka soya da hannunka, ka kira mutum uku, kada kowa ya tashi sai an sha baraka.