Dala da Fanisau: Gyara ga Jerin Kayan Tarihin Kano

Cikin 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano a jerin wuraren da take nema wa rajista a UNESCO, ta haɗa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki. Wannan abu ya yi kyau. Amma fa wanda ya karanta bayanin zai zaci tarihin Kano ya ƙare a bakin badala, ko da yake Tarihin Kano kansa, wanda Palmer ya fassara cikin 1908, bai nuna haka ba.

Littafin ya ambaci Barbushe a Dala, sa'an nan ya lasafta manyan da ke zaune a sauran duwatsu, cikinsu har da Gambarjado ɗan Nisau, wanda ke Fanisau, arewa da birni. Mai nazarin harshe ba zai wuce wannan suna ba. "Fa" a Hausa shi ne shimfiɗaɗɗen dutse, saboda haka a ganina Fanisau fan Nisau ke nan, watau dutsen ya ɗauki sunan mutum, kamar yadda littafin ya ce Dala ya yi. Sunan kaɗai shaida ne cewa wurin ya girmi sarautar Bagauda a bakin masu ba da labari.

Bayan jihadi kuma dutsen ya sake yin amfani. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mai da Fanisau ribaɗi, yana tsare birni daga Ɗan Tunku, kuma a can Clapperton ya same shi cikin 1824.

To, abin tsoro shi ne ƙasar arewacin Kano ba ta da sarari. Gona na bin gona, gida na bin gida, ga birni yana matsowa. Manomin da ya ga tudun tsohuwar ganuwa a gefen gonarsa, ƙasar gini yake gani, ba kuwa za a ga laifinsa ba in ba wanda ya taɓa gaya masa ko mene ne. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, tana da ikon tsare irin wannan wuri, sai dai doka ba ta tsare abin da ba a auna ba.

Nan malaman kwalejojin horarwa za su iya taimakawa. Su fita da ɗalibai su auna abin da ya saura, su rubuta sunan kowane dutse da kufai yadda dattawa ke faɗarsa, da karin sauti da tsawon wasali, don sau da yawa taswirar Turawa ta ɓata su.