Notin Sama Kafin Na Ƙasa

Tambayi direban tsohuwar Fijo a bakin titin Maijirgi yaushe rabon da ya yi juyen baƙin man inji, zai faɗa maka rana da wuri, har da abin da ya biya. Ka ce masa, "To, man giya fa?" Sai ya sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Inji yana da sandar awo da ake zarowa kowace safiya, yana da jar fitila da ke kamawa a gaban direba in mai ya gaza. Akwatin giya kuwa, bwat a bakin makanikan Nijar, ba shi da ko ɗaya. Yana can ƙarƙashin mota cikin ƙura, ba ya ƙorafi sai ranar da giya ta biyu ta fara gurnani, kuma a ranar bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Maijirgi tana kan babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Maraɗi da Tasawa, ta nufi Damagaram. Amma motocin da ke ciyar da kasuwannin ƙauye ba a kan kwalta suke neman abincinsu ba. Sauka suke yi su shiga rairayin ƙasar Tasawa da Mayahi, da buhunan gero da na wake, da awaki a ɗaure, da fasinja a kan buhuna. A rairayi mota ba ta ganin giya ta huɗu. Ta ɗaya da ta biyu ake ta murza, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Duk ƙarfin injin ta kan haƙoran bwat yake bi kafin ya kai ga ƙafafu, kuma a Fijo 504 man da ke tsare haƙoran nan bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba.

Motar ta fito a Faransa a 1968. Masana'antar PAN ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekara ta 2000, da daɗewa bayan Turawa sun koma wa wasu motoci. Yau Toyota ta karɓe hanya, amma waɗanda suka rage cikin 504, da yayarta 404 ta 1960, hannun makaniki ne ke riƙe da su. Cikin ayyukan da yake musu, babu wanda aka raina kamar juyen man bwat. Ana ganin aikin yaran gareji ne: kwance, zubar, ɗaure, zuba. Ni kuwa da shi nake gane wanda ya iya da wanda ke kwaikwayo.

Wanda ya iya ba ya juye wa mota mai sanyi. Yana son ta da ɗuminta, ta shigo daga hanya ko a ɗan zagaya da ita, domin mai ya saki jiki ya fito da dattin da ke yawo a cikinsa maimakon ya bar shi kwance a gindin akwati. Yana son ta tsaya daidai, ba gaba sama baya ƙasa ba, don awon man ya dogara da haka. In akwai rami, madalla. In babu, sai ƙasa mai tauri da katako mai kauri a ƙarƙashin duk abin da zai tokare motar, domin jak a kan rairayi ba abin da mai hankali zai kwanta a ƙarƙashinsa ba ne. Sannan ya sa buroshi da tsumma da ɗan gazuwal, wato man dizal, ya wanke kewayen notunan akwatin guda biyu fes. Ƙwayar yashi da ta bi noti ta shiga ciki ba ta fita sai ta ci ƙarfe.

Notuna biyu ne: ɗaya a gindi na zubarwa, ɗaya a sama a gefen akwati na zubawa. Sabon yaro kullum na gindin yake fara kai wa hannu, shi ne a fili, shi ne mai sauƙi.

"Kai, dakata," in ji maigidan gareji. "In ka zubar, na saman ya ƙi kwantuwa, ta ina za ka mayar da mai? Ta bakinka?"

Noti da ya shekara goma ba a taɓa shi ba yakan ƙi. Wani makanikin baya ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya, ko ya cinye kusurwoyinsa da kile, wato sifana, wanda ba nasa ba. Notunan motocin Faransa da yawa rami ne mai kusurwa huɗu a kansu, sai an ƙwaƙule dattin ramin da ƙusa, kile ya zauna har ƙasa, kafin a danna. In na saman ya ƙi bayan an zubar da mai, mota ta zama gawa a gareji. In ya ƙi tun mai yana ciki, direba ya tuƙa abarsa ya tafi, gobe a sake dabara.

Da na sama ya buɗe, maigidan yakan zura ɗan yatsa cikin ramin ya lanƙwasa shi ƙasa. Ya kamata ya taɓo mai a leɓen ramin. In yatsa ya fito a bushe, akwai inda yake yoyo, kuma zuba sabo ba tare da neman wurin ba asarar kuɗi ce.

Sai a buɗe na ƙasa, a tara wankakken kwano. Nan ne aikin yake, nan ne kuma mai gaggawa ke juya baya ya tafi shan shayi. Gwani yakan tsuguna ya zuba ido. Yakan tari kaɗan a tafin hannu, ya fito rana, ya murza da babban yatsa, ya sansana. Man da ya yi duhu kawai, tsufa ne. Wanda ke ƙauri ya sha zafi fiye da kima, wataƙila an daɗe ana tafiya da shi a ƙasa da awo. In ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina in direba ya kutsa ruwan kwari da akwati mai zafi: ƙarfe ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta hancin da akwatin ke shaƙar iska. In kuma ya ga ƙyalli rawaya-rawaya yana walƙiya a cikin man, to zoben tagulla ne ke cinyewa.

Zoben nan, sinkiro, shi ke sa giya ta shiga lami lafiya. Lokacin da direba ya tura sandar giya, zoben ne ke fara gogar jikin haƙorin da za a shiga, ya daidaita gudunsu, sannan su haɗu. In ya side, sai ka ji ƙarar nan da ke sa fasinja ya cije baki. Motoci da yawa kuma suna da mayen ƙarfe a kan notin gindi. Maigidan yakan share shi a kan farar takarda. Laushin toka-toka mai kama yatsa ba abin damuwa ba ne, ƙarfe ya gogi ƙarfe shekara da shekaru. Amma ɓarɓashi mai kaifi da za a iya ɗauka da farce, wannan haƙori ne ko boris ya fara ɓantarewa. Sai ya kira mai mota.

"Alhaji, zo ka gani da idonka. Zan zuba maka sabo, amma mai ba ya mayar da haƙori. Ka fara tanadin buɗe shi."

Wannan maganar ta fi mini aikin hannun daraja. Akwai masu ɗura mai mai kaurin gaske, wasu har da giris, don su rufe bakin akwatin da ke kuka, musamman in za a kai mota kasuwa. Kukan yakan lafa na 'yan kwanaki, giya ta yi tauri da safe, ɓarnar kuma tana ci gaba a ɓoye.

Wane mai za a zuba? A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin an saba cewa man giya shi ne lamba 90, shi ke nan. Ba haka ba ne. Bwat mai giya huɗu na 504, wanda ake kira BA7, man inji kamfanin ya ce a zuba masa, irin su 10W40, lita 1.15. Lamba 90 mai warin farar wuta na pon ne, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya. Tsohuwar Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, jan man nan na mota mai giyar otomatik ake zuba wa bwat ɗinta ko da na hannu ne. Hilux da Land Cruiser kuwa man giya sosai suke sha, kuma masu jan ƙafa huɗu suna da ƙarin akwatin raba ƙarfi da pon na gaba, kowanne da notunansa. A jikin galan za ka ga an rubuta GL-4 ko GL-5. Na biyun ya fi yawan sinadarin farar wuta, domin an yi shi ne don matsin da ke cikin pon, kuma a tsohon bwat mai zoben tagulla yana iya cin zoben ko ya hana shi kamawa yadda ya kamata. Pon ɗin 404 ma labarinsa daban: a yawancinsu ƙarfe ne mai murɗi yake juya faifan tagulla, kuma na farko-farko da man zurman ake ciyar da su, wanda ba a gauraya shi da man ma'adini. Makanikin da ya riƙe wannan duka a ka, ba tare da littafi ba, ya cancanci a gaishe shi.

Mayar da noti ma yana da ladabinsa. Jikin akwatin alminiyom ne, notin kuwa ƙarfe, saboda haka da yatsu ake fara murza shi har ya zauna, sannan a kawo kile a ɗan ƙara. Wanda ya sa bututu a kan kile ya taka da ƙafa zai side zaren, ƙaramin aiki ya zama babba. Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin noti sabuwa ake so. In babu a kusa, sai Tasawa ko Maraɗi, gwani yakan ɗora tsohuwar a kan garwashi har ta yi ja, ya bar ta ta huce. Wuta tana mayar wa jan ƙarfe laushinsa, sai ta sake toshewa kamar da.

Zubawa aikin haƙuri ne, don ramin yana gefe, ba a iya karkata galan a wurin. Wasu suna da babban sirinji na ƙarfe. Wasu tiyo suke zurawa daga wajen inji, yaro yana sama riƙe da mazurari yana tsiyayawa, maigida yana ƙasa da fitila. Ba a ƙirga lita da ka. Ana zubawa har mai ya fara dawowa ta leɓen ramin, a cire tiyo, a jira rarar ta tsiyaye har ta koma ɗigo, sannan a ɗaure. Direban da ke roƙon a ƙara masa "don ya daɗe" yana jawo wa kansa kumfa da zafi da yoyo ta bakin roba. Daga nan a goge ko'ina ƙal, a zagaya da mota a shiga kowace giya har da ribas, a dawo a leƙa ko akwai danshi.

Tsohon man a jarka yake ƙarewa, masu shafa wa itacen rufi don gara sukan zo nema. Abin da bai kamata ba shi ne a kwarara shi a ƙasa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Kai mai tsohuwar mota, in ba ka tuna ranar da aka buɗe notin bwat ɗinka ba, ka kai ta kafin damina ta sauka. Ka tsaya a wurin, ka ga wane noti aka fara kwancewa, kuma ka ce a nuna maka abin da ya fito a kwano kafin a ɗauke shi.