Melnikov da Kulob ɗin Ma'aikata a Mosko

Bayan juyin juya halin 1917, sabbin mahukuntan Rasha sun so ma'aikaci in ya tashi daga masana'anta ya sami wurin zuwa wanda ba coci ba, ba mashaya ba. Daga nan aka samu kulob ɗin ma'aikata: gini guda da za a yi taro a cikinsa, a kalli wasan kwaikwayo, a yi yaƙi da jahilci, a karanta jarida. Ƙungiyoyin ƙwadago ne ke ba da aikin, kuɗinsu kuwa ba yawa. Dole zaure ɗaya ya ɗauki hidimomi da yawa.

A ganina babu wanda ya gane wannan matsala kamar Konstantin Melnikov, haifaffen Mosko a 1890. Sunansa ya riga ya fita tun 1925, lokacin da ya zana rumfar Tarayyar Sobiyat a baje kolin birnin Faris. Daga 1927 zuwa 1929 ya zana kulob shida da aka gina, biyar a Mosko, ɗaya a Dulyovo, garin masu yin tangaran. Akwai Kauchuk na ma'aikatan roba, da Burevestnik na masu yin takalma.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Rusakov, a titin Stromynka. Mai wucewa zai hangi wasu manyan ɗakunan kankare uku sun leƙo daga saman bango, suna rataye a iska ba ginshiƙi ƙarƙashinsu. Ba ado ba ne. Kujerun 'yan kallo ne a ciki, hawa-hawa, duk suna fuskantar dandamali ɗaya. Melnikov ya tsara katangun da za a iya ja a rufe, kowane ɗaki ya zama aji mai zaman kansa. A buɗe su, sai zaure ya haɗe ya ɗauki mutum fiye da dubu. Abin da ke cikin ginin ne ya yanke wa wajensa siffa, shi ya sa ba ya kama da komai a unguwar.

Wannan salo bai daɗe ba. A 1932 gwamnatin Stalin ta rushe ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu, aka koma son manyan fadojin al'adu masu ginshiƙai da ƙawa. A babban taron masu zanen gine-gine na 1937 aka caccaki Melnikov, wai ya fifita siffa a kan amfanin jama'a. Zargin nan yana min ciwo, domin a Rusakov amfanin ne ya haifi siffar.

Ba a ɗaure shi ba, amma an hana shi gini. Ya koma zanen hotuna da koyarwa, yana zaune a gidan da ya gina wa iyalinsa a layin Krivoarbatsky, mai kama da rumbuna biyu da suka shige juna, da tagogi masu kusurwa shida, har ya rasu a 1974.